Kunamar dajin Silhouette: yadda ake gane ta da yadda ake rubuta bayaninta

A tsibirin Silhouette na ƙasar Seychelles, can cikin Tekun Indiya, akwai wata 'yar kunama da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, daga milimita 25 zuwa 36. Masana na kiranta Afrolychas braueri. Karl Kraepelin, Bajamushen da ya shugabanci gidan adana halittu na birnin Hamburg, shi ya fara rubuta bayaninta a 1896, ya raɗa mata sunan August Brauer, ɗan ƙasarsu da ya je tsibiran bincike. Daga farkon ƙarni na 20 ta ɓace wa masu nema, har aka soma zaton ta ƙare. Sai a 1990 aka sake ganinta a Silhouette, sannan a 2009. Da can an san ta a tsibiran Mahé da Praslin, amma yau a wannan tsibiri ɗaya kawai ake da labarinta, kuma ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Abin da ya sa gane ta ke da wuya shi ne tana da mai kama da ita a tsibiran, wata baƙuwa mai suna Isometrus maculatus. Dukansu ƙanana ne, rawaya-rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, dukansu hannuwansu sirara ne, kuma kowace tana da ɗan haƙori a ƙarƙashin ƙarinta. Wanda ya dogara da launi zai rantse abu ɗaya ne. To, kama da wane ba ta wane. Kuskure a nan kuwa ba ƙarami ba ne: idan aka yi ta rubuta cewa an ga kunamar daji alhali baƙuwar aka gani, sai hukuma ta ɗauka tana nan da yawa, a sassauta kula da ɗan dajin da ya rage mata. Wannan jagora na ɗalibi ne ko ma'aikacin gandun daji ko mai sha'awar halittu da ya tsinci kansa a irin wannan tsibiri, kuma hanyar da za a bi a nan ta yi wa kowace kunamar tsibiri.

Kafin ka taka daji

Mataki na farko a tebur ake yinsa. Ka nemi jerin kunamun da aka riga aka sani a tsibirin. Wannan shi ne sauƙin aikin tsibiri: a babbar ƙasa za ka iya fama da iri hamsin, a manyan tsibiran duwatsu na Seychelles kuwa uku ne za su fi ɗaukar hankalinka. Akwai ta dajin da muke nema. Akwai baƙuwar, wadda masanin ƙwari De Geer ya rubuta bayaninta tun 1778, wadda jiragen ruwa suka yi ta yawo da ita cikin katako da kaya har ta bazu a kusan duk ƙasashe masu zafi. Sai babbar, Chiromachus ochropus, da aka fi sani a tsibirin Frégate, mai duhun jiki da ƙafafu masu haske.

Ka kuma bi tarihin sunan, don kada tsofaffin takardu su ruɗe ka. Sunan kimiyya kalma biyu ne, na gida da na jinsi. Kraepelin ya sa ta a gidan Archisometrus. Daga baya aka mai da ita Lychas, ta daɗe a nan, har 2019 da masanin kunamu František Kovařík ya ware mata sabon gida, Afrolychas, tare da 'yar uwarta burdoi ta gabashin Afirka. Dabba ɗaya, suna uku. Idan da sabon suna kawai ka bincika, bayanan shekara ɗari za su wuce ka. Shi ya sa ma ake rubuta ta Afrolychas braueri (Kraepelin, 1896): wannan baka biyu da aka kewaye sunan marubucin da ita alama ce cewa an sauya mata gida bayan shi.

Sai izini. Mafi yawan Silhouette gandun ƙasa ne tun 2010, ba a ɗaukar ko ganye sai da takarda. Fitar da samfurin halitta zuwa wata ƙasa kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ƙasashe suka ƙulla kan amfani da halittun juna da raba amfaninsu. Ka nemi takardarka watanni kafin tafiya, ka kuma tafi da ɗan gari da ya san hanyoyin dutsen.

Kayan aiki ba su da yawa: tocila mai hasken UV (wani haske ne da idon mutum kusan ba ya gani), tocila fara, tabarau mai tare UV, dogon hantsaki mai laushin baki, gilashin ƙara girma mai ninki goma, ledoji masu zif da ake ganin ciki, 'yar rula mai milimita, na'urar GPS ko waya mai yinsa, littafi da fensir.

Nema da dare

Kunama ba ta son rana. Fatarta kuma tana da wata baiwa: idan hasken UV ya sauka a kanta sai ta ɗauki wani haske kore-shuɗi. Ka zaɓi daren da babu farin wata, domin a irinsa suka fi fitowa kuma hasken ya fi bayyana. Ka yi tafiya da farar tocila, in ka tsaya ka kashe ta, ka kunna ta UV, ka bi gindin bishiya da ɓawonta da busassun ganyen da suka taru a ƙasa, a hankali, kamar mai neman allura. Dajin zai zama baƙi ƙirin, sai can ka hango wani ɗan abu kamar an ɗiga koren fenti a kan ganye. Wani lokaci yatsu biyu kawai za ka gani sun leƙo daga tsagin ɓawo. Wadda ta yi saɓa kwanan nan ba ta haskawa sai fatarta ta yi tauri, saboda haka rashin haske ba ya nufin babu kowa a wurin.

Tun kafin ka taɓa ta, wurin da ka same ta ya fara ba ka labari. Baƙuwar tana son kusa da mutane: bangon gida, rumbun ajiya, tarin katako, ɓawon kwakwa a bakin teku. Ta dajin kuwa a dajin kan tudu aka same ta. Silhouette ƙaramin tsibiri ne, kimanin murabba'in kilomita 20, amma dutsen Dauban ya haura mita 700, kuma tsakanin bakin ruwa da can sama kamar duniya biyu ne. Sai dai wannan alama ce kawai. Baƙuwa takan shiga daji, kada ka yanke hukunci da mazauni.

Nan take ka rubuta kwanan wata, lokaci, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, abin da take kai, da irin bishiyoyin da ke kewaye. Batun bishiyoyi yana da muhimmanci a Seychelles, domin babban abin da ke cinye mazaunin wannan kunama shi ne bishiyar kirfa, wadda Faransawa suka shigo da ita a shekarun 1770 ta kuma mamaye dazuzzuka. Rubuta cewa ka same ta a ƙarƙashin kirfa ko a ƙarƙashin bishiyar asali bayani ne da masu kula da daji ke matuƙar bukata.

Duba ta da ranta

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kunamar da aka gani sau ƙalilan cikin shekara ɗari ba abin jefawa a kwalbar sifirit ba ce don kawai a tabbatar da suna. Duk alamomin da ke raba ta da baƙuwar ana ganinsu tana raye.

Ka kama ta da hantsaki a wutsiya, a gaɓar da ke kusa da ƙari, ko ma ka tura ta da ɗan tsinke ta shiga leda da kanta. Ka fitar da iskar ledar a hankali har ta kwanta ba ta iya juyawa, ba tare da ka matse ta ba. Yanzu kana iya juya ta ciki da baya, ka sa gilashi, ka ɗauki hoto da rula a gefe. Ƙaramar kunama mai siraran hannuwa ba abin wasa ba ce, domin dangin da suka fi mugun dafi a duniya haka surarsu take. Kada ka sa hannu.

Fara da sanin sassan jiki. Gaba akwai garkuwar kai, mai idanu biyu a tsakiya da wasu ƙanana a gefe. Sai gangar jiki mai faranti bakwai a baya. Sai wutsiya mai gaɓa biyar, da kwanson dafi mai ɗauke da ƙari a ƙarshe. Ƙafafu takwas ne, ban da hannuwa biyu masu kama da awartaki. A ciki, bayan ƙafafun ƙarshe, akwai wasu abubuwa biyu kamar mataji, da su take shinshinar ƙasa.

Tambaya ta farko: wane dangi ce? Juya ta, ka dubi ɗan farantin ƙirji da ke tsakanin gindin ƙafafun baya. Idan ya tsuke ta gaba kamar mai kusurwa uku, ga hannuwa sirara, dangin Buthidae ce, wato dangin ta dajin da baƙuwar duka. Idan mai kusurwa biyar ne, ga manyan hannuwa masu faɗi, ga wutsiya 'yar siririya, ka faɗa dangin Hormuridae, wato Chiromachus. Babbar Chiromachus ba ta ruɗa kowa, amma 'ya'yanta ƙanana ne, kuma farantin ƙirji zai fitar da kai ko da 'ya ce. Chiromachus kuma ba ta da haƙori a ƙarƙashin ƙari.

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar aikin, kuma a ƙafa amsarta take. Ɗauki ƙafa ta uku da ta huɗu, wato biyun baya. Fara ƙirga gaɓoɓi daga farce ka yi sama. A mahaɗar gaɓa ta ɗaya da ta biyu za ka ga 'yan ƙayoyi. Waɗannan duka kunamun biyu suna da su, kuma su ne ke yaudarar sabon shiga: ya gan su ya yi murna, ya ce ya samu. Wuce su. Hau zuwa mahaɗar gaɓa ta biyu da ta uku, ta ɓangaren ciki. Idan akwai wata ƙaya guda ɗaya a nan, kamar ƙayar ƙafar zakara, to ba Isometrus ba ce, domin duk gidan Isometrus ba su da ita. Afrolychas da Lychas suna da ita. Ƙayar ƙarama ce ƙwarai a jikin dabba mai santimita uku, sai ka karkata ledar haske ya bugo ta gefe. Ka duba dama da hagu, don takan karye a ƙafa ɗaya.

Tambaya ta uku a baya take. Haska farantan gangar jiki daga gefe, yadda inuwa za ta fito. Za ka ga wasu layuka da suka tasa, a jere daga gaba zuwa baya kamar kunyoyin gona. Baƙuwar kunya ɗaya gare ta a tsakiya. Kunamar dajin tana da uku, ta tsakiya da ɗaya a kowane gefe. Hasken UV yana taimakawa sosai a nan, domin yana shafe launi ya bar sassaƙar fata kawai. Hoton da aka ɗauka a ƙarƙashinsa yakan nuna kunyoyi da ƙurajen fata fiye da na farin haske.

Idan ƙaya tana nan, kunyoyi uku ne, girma ya yi daidai, wuri kuma dajin tudu ne, to ka samu abin da mutane ƙalilan suka taɓa gani. Ka ɗauki hotuna: baya, ciki, ƙafa ta huɗu kusa-kusa, kwanson dafi daga gefe, hannu daga sama. Ka ƙirga haƙoran mataji na dama da na hagu dabam-dabam. Sannan ka mai da ita daidai inda ka ɗauke ta, ka kai rahoto ga hukumar gandun tun kafin ka sa hoto a intanet. Lambobin GPS na irin wannan dabba ba na bazawa ba ne, akwai masu farautar kunamu don sayarwa.

Wanda yake son hannunsa ya faɗa tun yana gida, kunamar nan ja-ja da ake samu a ƙarƙashin duwatsu a yawancin Afirka ta Yamma, Hottentotta hottentotta, makaranta ce mai kyau: tana da ƙayar ƙafa, tana da kunyoyi uku. Ka koyi ganinsu a jikin matacciya mai girma, idonka zai saba kafin ka gamu da ƙarama.

Namiji, mace da yara

Ramin da ya fi cin masu rubuta sabon jinsi shi ne ɗaukar namiji da mace a matsayin iri biyu. Namijin Isometrus maculatus wutsiyarsa doguwa ce siririya ƙwarai, hannuwansa ma zaƙo-zaƙo, har yakan kai santimita bakwai, macen kuwa gajera ce mai kauri. Ka ajiye su gefe da gefe, wanda bai sani ba ba zai yarda gida ɗaya suka fito ba. A yawancin kunamu matajin namiji ya fi tsawo da yawan haƙora. Yara kuma launinsu ya fi fitowa, gaɓoɓinsu ba su gama miƙewa ba. Ƙa'ida ita ce a gwada babban namiji da babban namiji, babbar mace da babbar mace.

Idan ba ta dace da kowa ba

A ce ka duba, ta ƙi shiga ko ɗaya cikin ukun. Zuciya za ta ce sabon jinsi ne. Ka danne ta tukuna. A tsibiri mai tashar jiragen ruwa, zato na farko shi ne wata baƙuwar ce ta biyo kaya. Liocheles australasiae misali ce: 'yar shimfiɗaɗɗiyar kunama mai zama a tsagin ɓawo, wadda ta bazu a tsibirai da dama na Asiya da Pasifik, kuma an tabbatar macenta na iya haihuwa ba namiji, ke nan guda ɗaya ta isa ta kafa zuri'a. Sai ka gwada taka da na Madagaska, gabashin Afirka, Indiya da Sri Lanka kafin ka buɗe baki. Mujallar Euscorpius, wadda ake karantawa kyauta a intanet, cike take da mabuɗan ganewa da hotuna.

A wannan mataki ne kawai ɗaukar samfur ke da hujja, kuma gwargwadon abin da takardar izini ta yarda. Ana ajiye jiki a sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ana cire ƙafa ɗaya a sa a mai kashi 96 don gwajin ƙwayar halitta. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta, a jefa cikin kwalbar tare da dabbar, domin tawada tana narkewa, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. Samfurin da ba a san inda aka samo shi ba kusan ba shi da amfani.

Sai aikin madubin ƙara girma na ɗakin bincike. A hannuwan kunama akwai wasu dogayen gashi sirara masu jin motsin iska, kowane a cikin ɗan gurbinsa kamar ƙoƙo. Max Vachon na gidan adana halittu na Paris ya tsara taswirarsu a 1974, kuma har yau da ita ake aiki. Dangin Buthidae tsarin A gare su, yawanci gashi 39 a hannu ɗaya. Hormuridae tsarin C, yawanci 48. Ko gashin ya tsinke gurbin yana nan, shi ake ƙirgawa a zana. Bayan su sai layukan ƙananan haƙora a cikin yatsan hannu mai motsi, da kunyoyin kowace gaɓar wutsiya, da surar haƙorin ƙarƙashin ƙari, mai tsini ne ko mai faɗi. Awo da milimita ake yi: tsawo da faɗin garkuwar kai, tsawo da faɗi da kaurin kowace gaɓar wutsiya, hannu da yatsa. Abin da ya fi amfani shi ne rabo, kamar tsawon gaɓa ta biyar a raba da faɗinta, domin girma yana bin abinci da shekaru, rabo kuwa ya fi tsayawa.

Duk wannan bai wadatar ba sai ka gwada da samfurin asali, wato ainihin dabbar da aka rataya wa tsohon suna. Bayanin 1896 gajere ne idan aka auna da na yau, ba hoto mai launi, ba taswirar gashi. Don jinsin da Kraepelin ya rubuta, Hamburg ce wurin fara tambaya. Masu kula da irin waɗannan gidaje sukan aiko da hotuna idan aka roƙa da ladabi aka kuma faɗi sashen da ake son gani.

Rubuta bayanin

Rubutun yana da tsarin da aka saba, kuma bin sa yana sauƙaƙa wa mai karatu. Ana fara da suna, sai jerin samfuran da aka duba, kowane da wurinsa da ranarsa da wanda ya samo shi da gidan da aka ajiye shi. Sai taƙaitaccen bambanci, sannan cikakken bayani daga launi zuwa kai, gangar jiki, wutsiya, hannuwa, ƙafafu da mataji. Sai jadawalin awo, bambancin da ke tsakanin samfuran, mazauni, da dalilin sunan.

Taƙaitaccen bambancin nan shi ne ran takardar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jimla irin "ƙarama ce, rawaya, mai ɗigo-ɗigo" ba ta raba komai da komai ba. Kwatanta da wannan: "Ta bambanta da Isometrus maculatus da samun ƙaya a gaɓa ta uku daga farce a ƙafa ta uku da ta huɗu, da kunyoyi uku a farantan baya maimakon ɗaya." Mai gilashi a hannu zai iya gwada wannan cikin minti biyu ya ce e ko a'a. Kowace alama da ka kawo, ka faɗi da wa take raba ta. Ka kuma faɗi adadin da ka duba: idan haƙoran mataji na dabba biyu kawai ka ƙirga, ka rubuta biyu, kada mai karatu ya ɗauka iyakar jinsin ke nan. Launi kuma ka bayyana na mai rai ne ko na cikin sifirit, don sifirit yana kashe shi da daɗewa.

Idan da gaske sabon jinsi ne, dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya tana da sharuɗɗa. Tun daga shekarar 2000 wajibi ne a faɗa a fili cewa sunan sabo ne, a kuma ayyana samfurin da zai riƙe sunan da inda aka ajiye shi. Tun 2012 an yarda da bugawa a intanet kaɗai, muddin an yi wa aikin rajista a ZooBank, kundin sunayen dabbobi na intanet, kafin ya fito. Samfurin asali a gidan adana halittu na jama'a ya kamata ya zauna, inda wani zai iya zuwa ya duba bayan shekara hamsin, kuma ya dace ƙasar da dabbar ta fito ta samu nata kason. Wanda ya nuna maka hanya a daji, wanda wataƙila shi ya fara hango hasken a kan ganye, a sa sunansa cikin masu samowa.

Sau da yawa abin da za ka tashi da shi ba sabon suna ba ne, sabon gani ne na tsohon jinsi, kuma ga dabba irin Afrolychas braueri wannan ma babban abu ne. Shafi biyu sun isa: rana, tsayin wuri, irin dajin, hoton ƙafa ta huɗu da ƙayarta a fili, hoton baya a hasken UV da kunyoyi uku, adadin haƙoran mataji, da layi ɗaya da ke cewa an sake ta a inda aka same ta.